Wai da gaske an ce Kiristocin farko suna cin naman mutane? Ga amsoshin gaba ɗaya

Tambayoyin nan su ne dai kullum, in ba bayan nazarin Littafi Mai Tsarki ba to a waya, wani ya ji wani abu a wani wuri ya taho a firgice kamar yau aka fara. To ga su nan na haɗa, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Da gaske an zarge su da cin naman mutane?

Eh. Har cewa aka yi jarirai suke yankawa. Ƙarya ce.

To daga ina maganar ta fito?

Daga Jibin Ubangiji mana. A gidaje ake taro, wanda ba a yi wa baftisma ba ba ya ci, maƙwabci ya tsinci "wannan jikina ne, wannan jinina ne" sai ya ƙarasa sauran da kansa. Zancen lalata tsakanin dangi ma haka, don an ji kowa yana kiran kowa ɗan'uwa da 'yar'uwa ana kuma gaisawa da tsattsarkar sumba. A garin Liyon na ƙasar Faransa ta yau, shekara ta 177, bayin gidajen Kiristoci aka kama, su kuma don tsoron azaba suka ce eh ana yi. A cikin waɗanda aka azabtar akwai wata mata Bibilis, da farko ta musanta bangaskiyarta, da aka matsa mata ta yi shaidar zur sai ta ce ta yaya mutanen da ko jinin dabba ba sa ci za su ci yara? Daga nan ta koma cikin masu shaida Almasihu.

Su suka ƙona Roma?

A'a, haba. Gobarar shekara ta 64 ce, jita-jita ta bi gari cewa Sarki Niro ne ya sa, shi kuma ya ɗora wa Kiristoci don ya kashe maganar. Tasitus, masanin tarihin Romawa, shi ne ya rubuta haka, mutumin da ko kaɗan ba ya ƙaunar Kiristoci. Aka rufe wasu da fatun dabbobi karnuka suka yayyage su, aka cinna wa wasu wuta da dare a matsayin fitila.

Ya za a ce masu bin Allah ba su da Allah?

Ba su da gunki, ba su da haikali, ba sa ƙona turare gaban siffar Kaisar. A idon Barome shi ke nan ba ka da allah, kuma kai ne ke jawo wa gari fushin alloli. Tartuliyan, wani marubuci Kirista na Kartej, Tunisiya ta yau, ya ce kogin Taiba na Roma ya yi ambaliya ko Nilu ya ƙi cika, a yi fari ko annoba, ihun ɗaya ne, a jefa Kiristoci wa zaki.

Su wa suka tsaya suka ba da amsa?

Wannan ya kamata a ce kun sani, muna haddace sunan 'yan ƙwallo amma ba mu san waɗanda suka tsaya mana ba. Jastin ya rubuta wa Sarki Antoninus Fiyus wajen shekara ta 155, Atinagoras ya rubuta wa Sarki Markus Aureliyus da ɗansa wajen 177, Tartuliyan a 197. Abin da Jastin ya yi shi ne ya fi burge ni. Sun ce ana ɓarna a ɓoye, sai ya buɗe musu taron ranar Lahadi dalla-dalla, ana karanta rubutun manzanni da annabawa, shugaba ya yi gargaɗi, a tashi a yi addu'a, a kawo gurasa da ruwan inabi da ruwa, dikinoni su kai wa waɗanda ba su zo ba, a tara baiko don marayu da gwauraye da marasa lafiya da 'yan kurkuku da baƙi. Ya ce a bincika, wanda aka samu da laifi a hukunta shi, amma kada a kashe mutum don suna kawai.

In aka yi mini irin wannan ƙazafi yau, in mayar da martani ko in yi shiru?

To, nan ne ba zan iya ba ka amsa guda ba, kuma duk wanda ya ba ka amsa guda ka yi hattara da shi. Yesu ya yi shiru gaban Bilatus, Bulus kuma ya kare kansa gaban Filikus da Festus da Agaribas har ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar, duka biyun suna cikin Littafi. Orijin ma, wani babban malamin Kirista, da aka roƙe shi ya amsa littafin da Selsus ya yi na sukar Kiristoci, da wannan shirun na Yesu ya fara, yana ganin rayuwar masu bi ta isa amsa, amma dai ya rubuta, wajen shekara ta 248, kusan shekara 70 bayan Selsus, ka ga ba kowace magana ce ake amsawa a ranar da aka yi ta ba. A ganina ka fara duba wa ke maganar. In mutum ne da bai sani ba, abokin aiki ko maƙwabci da ya ji a wani wuri, ka zaunar da shi ka gaya masa ainihin abin da muke yi a coci kamar yadda Jastin ya yi, in zai yiwu ma ya gani da idonsa. In kuwa mai neman rigima ne, ko taro ya riga ya yi zafi, ɗan'uwana ka yi shiru ka bar wurin, wannan ba rashin bangaskiya ba ne, ko Folikaf, bishop na Simirna, sai da ya yarda aka fitar da shi bayan gari kafin a kama shi. In ƙazafin zai iya taɓa ranka ko aikinka kada ka ɗauka kai kaɗai, ka sanar da fasto da dattawa, a bi ta hukuma in hali ya yi, ko da yake na san ba ko'ina ne hali yake yi ba. Sannan ka bincika kanka tukuna, wani lokaci abin da aka faɗa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, wannan tuba yake so ba gardama ba. Abu ɗaya da ba na sassautawa a kai shi ne ramuwa da ƙarya. 1 Bitrus 3:15-16 ya ce mu ba da amsa da tawali'u da ladabi. Kuma mu ji kunya, irin ƙazafin nan na kashe yara Kiristocin Turai sun juya shi kan Yahudawa, tun daga Norwich ta Ingila a 1144, aka yi ta kashe mutane a kai. Don haka in ka ga wani labari a WhatsApp game da masu wani addini ba ka tabbatar ba ka tura, ka yi abin da aka yi wa Bibilis ne.

Akwai wanda ba Kirista ba da ya bincika?

Akwai. Filini, gwamnan Bitiniya a ƙasar Turkiyya ta yau, wajen shekara ta 112. Ya azabtar da bayi mata biyu masu hidima a ikkilisiya, ya yi wa waɗanda suka bar bangaskiya tambayoyi, abin da ya samu shi ne suna taruwa kafin gari ya waye, su yi wa Almasihu waƙa, su yi alkawarin ba sata ba zina ba cin amana, sannan su ci abinci irin na kowa. Sarki Tarajan ya amsa masa cewa kada a bi su ana farauta, kada kuma a karɓi takardar ƙara mara suna, amma wanda aka kawo ya ƙi musanta bangaskiyarsa a hukunta shi.

To duk rubuce-rubucen nan sun hana a kashe su?

Ba su hana ba. Jastin kansa an fille masa kai a Roma wajen 165. Sai a 313 aka ba Kiristoci 'yancin yin sujada a duk daular.