Tsohon gidan ƙasa a ƙauyukan Adar: a rushe ko a gyara?

Mazauna Tawa da Yamai da yawa, in sun je ƙauye da salla, sukan tarar gidan kakanni ya fara zubewa. Ga abin da suka fi tambaya.

Da me aka gina shi har ya kawo yau?

Da tubali. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana tsima, sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya. Bango yakan yi kauri daga ƙasa, yana sirancewa zuwa sama. A Adar, da yake dutse ba ya wuya, da shi ake kafa harsashi. Kaurin nan ne ke sa ɗaki ya yi sanyi ko a tsakiyar bazara, lokacin da mai rufin kwano ke kwana a waje.

To rufin fa?

Azarar giginya ce, wadda gara ba ta cika ci ba. Sai dai in ta wuce kamar mita 2 tana ɗauke da ƙasa, takan lanƙwashe. Shi ya sa ɗakunan zamanin da ƙanana ne. Inda ake son faɗi, kamar zauren da maigida ke karɓar baƙi, sai magini ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi mai riƙe rufi. Shigar zaure kawai, ka ɗaga kai, ka san ƙarfin mai gidan.

Ba sai a shafe shi da siminti a huta ba?

Nan ake yin ɓarna. Siminti ba ya kama ƙasa. Yana tsagewa, ruwa ya shige ta baya ya kasa fita, bango ya ruɓe daga ciki ba a sani ba. Abin da gidan ke so shi ne yaɓe kafin damina, da makuba (shafen da ake yi da kwasfar ɗorawa) in an samu, a kuma share indararo. Aikin gayya ne a da. Yanzu samarin sun tafi ci-rani.

Akwai sauran masu irin wannan gini?

Akwai. A Yama, nan jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, aikin ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Tsohon masallacin garin Dandaji, shi ma na hannunsa, ba a rushe shi ba: an gyara shi ya zama ɗakin karatu.