Waiwaye: Ɗan takarar da ke faɗuwa tun 1999 da kujerar majalisar Sakkwato

Kusan kowace mazaɓa a jihar Sakkwato tana da irinsa. Mutum ne da jama'a ke kira Onarabul alhali bai taɓa zama a zauren majalisa ba. Fostarsa ta koɗe a jikin katanga, an liƙa sabuwa a kai, ita ma ta koɗe. Ba ya rasa jana'iza ko ɗaurin aure, an kuma san hannunsa a gyaran rijiya da kuɗin jarrabawar yara. Amma duk shekara huɗu sai a sake zuwa yi masa jaje. Masu cewa rashin sa'a ne ba su duba tarihin kujerar ba.

Majalisar dokokin jihar tana da kujeru 30 a ƙananan hukumomi 23, don haka wasu, irin su Sakkwato ta Arewa da ta Kudu da Tambuwal, suna da bibbiyu. Tsarin mulkin 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba, dole jam'iyya ta tsayar da kai. Sannan galibi rana ɗaya ake zaɓen gwamna da na 'yan majalisar jiha. Waɗannan biyun su ne suka fi kayar da mutumin namu, fiye da duk wani abokin hamayya.

A 1999 Attahiru Bafarawa ya ci gwamna a APP, wadda ta koma ANPP, kuma shekara takwas hanyar majalisa ta gidansa take bi. Wanda ya tsaya a PDP a lokacin, ko da yake ita ke mulki a Abuja, iyo yake yi yana fuskantar igiyar ruwa. Sai 2007 ta zo ta birkita lissafi. Bafarawa ya kafa DPP ya nemi shugaban ƙasa, tsohon mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko kuwa, wanda ake kira Alu, ya shigo PDP da jama'arsa ya karɓe takarar gwamna. A nan ne abin ya fi ciwo. Ɗan PDP ɗin da ya sha rana shekara takwas yana jiran ranar da jam'iyyarsa za ta ci, ranar ta zo, amma ta zo da baƙi, kuma baƙin nan su ma kujera suke so. Wanda ya bi Bafarawa zuwa DPP ya samu tikiti cikin sauƙi, ya tarar ana "Sai Alu" har a bakin rumfar zaɓensa. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke zaɓen gwamnan a 2008, aka sake, Wamakko ya sake ci.

Haka aka maimaita a Nuwamban 2013, lokacin da Wamakko ya shiga sahun gwamnoni biyar da suka bar PDP zuwa APC. Zaɓen 2015 kuwa ba a ma duba fuska ba. Guguwar Buhari ce, kalmar ita ce "sak", daga sama har ƙasa. Mutumin kirki da na banza, in dai suna ƙarƙashin tsintsiya, tare suka haye.

Sai a 2019 aka ɗan ga ƙofa. A watan Agustan 2018 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya koma PDP tare da 'yan majalisa 18 cikin 30, jihar ta rabu gida biyu masu ƙarfi ɗaya. Sai da aka ƙarasa zaɓe a wasu rumfuna kafin Tambuwal ya doke Ahmad Aliyu na APC da ƙuri'u 342 kacal, ita ma majalisar ta fito kusan kankankan. A shekara irin wannan ce kaɗai sunan mutum a unguwarsu ke iya rinjayar akwati. Sai dai fa su wa aka ba tikitin? Galibi masu kan kujera ne da suka bi gwamna ko suka tsaya da Alu, domin ladan biyayya ke nan. Mutumin namu an kira shi da dare an ce ya yi haƙuri, maslaha aka yi, za a duba shi a gaba. Wanda ya yi fushi ya tafi ƙaramar jam'iyya, ƙuri'un da ya samu ba su wuce na dangi da makwabta ba.

Batun kuɗi ma bai tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 fom ɗin majalisar jiha naira miliyan 2 ne a APC, dubu 600 a PDP, kuma wannan kuɗin shiga ƙofa ne kawai. Dokar zaɓe ta 2022 ta ɗaga iyakar abin da ɗan takarar wannan kujera zai kashe daga miliyan 10 zuwa miliyan 30. Inda ba a yi 'yar tinƙe ko maslaha ba, ta kuma bar zaɓen fidda gwani a hannun daliget ƙalilan da aka zaɓo daga mazaɓu, waɗanda duk mai riƙe da shugabannin jam'iyya ya san yadda ake rubuta sunayensu. An rage shekarun tsayawa daga 30 zuwa 25 a 2018, abin da ya ƙara masa 'yan hamayya, har da yaran da shi ya koya wa liƙa fosta.

In ya faɗi a babban zaɓe, kwana 21 yake da su ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180, shari'ar kuma a kotun ɗaukaka ƙara take ƙarewa, ba ta kai wa kotun ƙoli. Da yawa gona ko fili suke sayarwa su biya lauya.

A ranar 18 ga Maris 2023, ana tsakiyar ƙarancin takardun naira, Ahmad Aliyu ya ci gwamna, APC ta samu rinjaye a majalisa. Waɗanda suka bi Tambuwal zuwa PDP a makare, bayan an gama raba tikitin 2019, a wannan ranar suka gane jirgin ya sake juyawa ba su ciki.