Shimfiɗar Langmuir da Blodgett

Shimfiɗar Langmuir da Blodgett siririyar shimfiɗa ce ta ƙwayoyin sinadari da ake fara jerawa a saman ruwa, kaurin ƙwaya ɗaya tak, sannan a kwashe ta a ɗora kan gilashi ko silikon ko ƙarfe, falle bayan falle. Sinadaran da aka fi yin wannan aiki da su tun farko su ne asid ɗin kitse masu doguwar sarƙa da gishirinsu. An sa wa hanyar sunan Irving Langmuir da Katharine Blodgett, waɗanda suka yi aiki a ɗakin binciken kamfanin General Electric da ke Schenectady, jihar New York ta Amurka. Darajarta ita ce mai aiki yana sanin kaurin abin da ya gina ta hanyar ƙidaya kawai. Kowane falle yana da kauri sananne, nanomita 2.5 zuwa 3, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Siffar ƙwayar

Ƙwayar asid ɗin kitse tana da kai da wutsiya. Kan, wanda ake kira kaboksil, yana son ruwa. Wutsiyar kuwa sarƙa ce ta zarrar kabon da haidirojin, ba ta jituwa da ruwa ko kaɗan. Idan aka sa irin wannan ƙwaya a saman ruwa, kan ya nutse, wutsiyar ta tsaya a iska. Tsawon wutsiyar ne ke yanke hukunci. Idan kabon bai wuce goma sha biyu ba, ƙwayar takan narke a hankali ta ɓace cikin ruwan. Daga 16 zuwa 22 ne ake samun shimfiɗa mai ɗorewa.

Huɗu aka fi amfani da su, kuma kowane yana da tushe a man da aka sani a kasuwa. Asid ɗin falmitik mai kabon 16 ya samo sunansa daga manja. Sitiyarik mai kabon 18 yana da yawa a kitsen shanu da man kaɗanya, kuma shi ne ke sa man kaɗanya daskarewa. Arakidik mai kabon 20 ya ɗauki suna daga sunan gyaɗa na kimiyya, sai behenik mai kabon 22 da aka sa wa sunan man ƙwayar zogale. Yawan zafin da ke narkar da su yana hawa tare da tsawon sarƙa: wajen digiri 63 na Salsiyos ga falmitik, 69 ga sitiyarik, 75 ga arakidik, 80 ga behenik. Asid ɗin oleyik shi ma kabon 18 gare shi, amma akwai lanƙwasa a tsakiyar sarƙarsa saboda haɗin kabon mai ninki biyu. Wannan lanƙwasa ta hana ƙwayoyin matsuwa da juna, don haka shi ruwa-ruwa ne a zafin ɗaki, kuma shimfiɗarsa ba ta kwasuwa da kyau.

Yadda aka gano

A 1774 Benjamin Franklin, masani kuma ɗan siyasar Amurka, ya wallafa bayanin gwajin da ya yi a wani tafki da ke Clapham, Landan, inda ƙaramin cokali ɗaya na mai ya kwantar da ruwa a fili mai faɗin kusan rabin eka. Bai lissafa kaurin man ba. Lord Rayleigh, masanin fiziks na Birtaniya, shi ne ya yi wannan lissafi a 1890, ya samu wajen nanomita 1.6 ga man zaitun.

Kwamin da ake yin wannan aiki a kansa ya fito ne daga hannun Agnes Pockels, wata Bajamushiya a garin Braunschweig da ba ta samu shiga jami'a ba. A gida ta haɗa kwami na gwangwani, ta ɗora masa shinge mai zamewa don matse abin da ke saman ruwan, ta kuma auna ƙarfin da ake buƙata kafin a ɗaga ɗan maɓalli daga fuskar ruwan. Ta rubuta wa Rayleigh wasiƙa, shi kuma ya sa aka buga ta a mujallar Nature a 1891. Duk kwamin da ake sayarwa yau jikan nata ne.

A 1917 Langmuir ya nuna cewa falmitik da sitiyarik da 'yan'uwansu masu sarƙa mafi tsawo duk fili ɗaya suke ci a saman ruwa idan an matse su, wajen murabba'in nanomita 0.20 kowace ƙwaya. Da a kwance suke, da doguwa ta fi gajeruwa cin fili. Tun da fili ɗaya suke ci, a tsaye suke ke nan. Langmuir ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 1932. Blodgett, mace ta farko da ta samu digirin digirgir a kimiyyar fiziks daga jami'ar Cambridge a 1926, ita ce ta gano a 1934 da 1935 yadda za a ɗora falle da yawa a kan juna.

Aiki a kan kwami

Kwamin zamani da wani nau'in roba mai suna Teflon ake yin sa, domin ba ya jiƙa, ba ya kuma sakin komai cikin ruwa. Ana cika shi da tataccen ruwa har ya ɗan yi tozo a saman baki. Shinge ɗaya ko biyu ne ke zamewa a kai da ƙarfin ƙaramin inji. Abin da ake aunawa shi ne ɗamewar fuskar ruwa, wato abin nan da ke sa ƙwaro tafiya a kan tafki bai nutse ba. A digiri 20, tsabtataccen ruwa yana ba da milinyuton 72.8 a kowace mita (milinyuton ƙaramin ma'aunin ƙarfi ne). Shimfiɗa tana rage wannan adadi, kuma ragin shi ake kira matsin fuska. Ana auna shi da ɗan falle na filatinam ko takardar tacewa da ke rataye a ma'auni, bakinsa a cikin ruwa, wanda ake kira farantin Wilhelmy.

Kafin a zuba komai, sai a rufe shingen a kan ruwa zalla. Idan ma'aunin ya motsa fiye da milinyuton 0.2 ko makamancin haka, akwai datti, sai a zuƙe saman ruwan da bututu a sake gwadawa. Daga nan a narkar da asid ɗin a kulorofom, wani ruwan sinadari mai saurin bin iska, miligiram ɗaya a kowace mililita, a ɗiba da ƙaramin sirinji, a riƙa ajiye ɗigo ɗaya-ɗaya daf da fuskar ruwan. Kulorofom ya fi ruwa nauyi, saboda haka ɗigon da aka saki daga sama yakan nutse ya kwanta a ƙasan kwami da sinadarin a cikinsa, lissafi ya ɓaci. Ana jira minti 10 zuwa 15 kulorofom ɗin ya bi iska.

Yawan abin da za a zuba lissafi ne mai sauƙi. Nauyin mol ɗaya na sitiyarik giram 284.5 ne (mol shi ne ma'aunin da masana sinadarai ke ƙidaya ƙwayoyi da shi). Mikrolita 50, wato mililita 0.05, na wancan haɗin yana ɗauke da miligiram 0.05, wanda idan aka matse shi zai rufe wajen murabba'in santimita 210. A kwami mai faɗin murabba'in santimita 500, ƙwayoyin za su fara da sarari isasshe.

Sai a fara rufe shinge a hankali. Da farko ma'auni ba ya nuna komai, ƙwayoyin suna warwatse. Idan filin kowace ƙwaya ya sauko wajen murabba'in nanomita 0.25, matsi ya fara hawa, ƙwayoyin sun haɗu amma wutsiyoyinsu a karkace. Wajen milinyuton 25 sai layin ya miƙe kusan a tsaye: wutsiyoyin sun tsaya cak, shimfiɗar ta zama kamar daskararren abu. Idan aka ci gaba da matsawa, a wani wuri sama da milinyuton 50 sai ta karye, wani sashe ya hau kan wani, har a iya ganin fararen zane-zane a saman ruwan. Abin da ya karye ba ya komawa daidai.

Kwashewa

Ana tsayar da matsi a milinyuton 25 zuwa 30, inji ya riƙa matso da shinge duk lokacin da shimfiɗa ta ragu. Idan gilashi ne mai tsabta, wanda ruwa ke jiƙawa, ana nutsar da shi tun kafin a zuba sinadarin, sannan a ɗaga shi a tsaye, milimita kaɗan a minti. Kawunan ƙwayoyin su manne da gilashi, wutsiyoyi su dubi waje. Gilashin ya fito a bushe, ɗigon ruwa ma ya riƙa gangarewa a kansa. Idan aka sake tsoma shi, falle na biyu ya hau wutsiya da wutsiya, da aka ɗago kuma na uku ya hau kai da kai. Wannan tsari shi ake kira nau'in Y, shi ne kuma ya fi yawa. Nau'in X shi ne wanda falle ke hawa a lokacin tsomawa kawai, nau'in Z a lokacin ɗagowa kawai. Binciken hasken eksire ya nuna cewa gishirin asid ɗin kitse da aka kwashe a nau'in X sau da yawa yakan juya da kansa ya koma tsarin Y.

Ana gane ingancin kwasa ta hanyar kwatanta filin da shimfiɗa ta rasa a saman ruwa da filin gilashin da aka tsoma. Idan sun yi daidai, sakamakon 1 ne. Ƙasa da haka sosai yana nufin akwai giɓi. Idan kuwa filin da ke saman ruwa ya ƙaru a lokacin tsomawa, fallen baya ne ke saɓulewa.

Asid zalla ba ya ba da shimfiɗa mai ƙwari kamar gishirinsa. Shi ya sa ake zuba ɗan gishirin ƙarafa irin su kadmiyam ko bariyam ko kalshiyam a ruwan. Kowace zarra ɗaya ta waɗannan tana riƙe kawuna biyu, ta ɗaure su wuri guda. Wannan shi ne abin da ke faruwa idan sabulu ya ƙi kumfa a ruwan rijiya mai zartsi, ya bar farin dasashi a bokiti. Ma'aunin pH na ruwan, wanda ke nuna yawan tsaminsa, yana da muhimmanci ƙwarai a nan: ƙasa da 5 kusan duk asid ne, wajen 6 zuwa 7 kuma yawanci ya zama gishiri. Gishirin kadmiyam na arakidik shi ne ya zama abin kwatance a wannan fanni, falle biyu nasa nanomita 5.5. Kadmiyam guba ne, kulorofom ma yana cutar da hanta, don haka ana aikin a akwatin zuƙe hayaƙi, ruwan kwami kuma ba a zubar da shi a kwata.

Fallen farko ne ke yanke wa sauran hukunci. Idan aka ɗaga gilashi da sauri fiye da yadda ruwa ke tsiyayewa, ruwa ya maƙale a ƙarƙashin shimfiɗa, sai ta wanke a tsomawa ta gaba. Masu aikin kan bar fallen farko ya bushe sosai kafin su ci gaba. Maiƙon yatsa ɗaya ya isa ya lalata kwami guda, haka ƙura, haka girgizar tebur, wadda ke barin layi-layi a kan gilashin.

Amfani da iyaka

A 1938 aka sanar da gilashin Blodgett wanda ba ya ƙyalli. Ta ɗora falle 44 na gishirin bariyam na sitiyarik, kauri ɗan sama da nanomita 100, yadda hasken da ya dawo daga saman shimfiɗa da wanda ya dawo daga gilashi za su soke juna. Shimfiɗar tana da laushi, goge ta kawai ya isa ya cire ta, don haka masana'antu suka koma ga sinadarai masu tauri. Wannan rauni bai rabu da hanyar ba: shimfiɗun suna lalacewa da zafi, suna kuma da ƙananan huji da ke ba lantarki hanyar wucewa, abin da ya hana su samun gurbi a kayan lantarki kamar yadda aka yi fata a shekarun 1980.

A matsayin ma'auni kuwa, sun yi aiki mai yawa. Hans Kuhn a Jamus ya yi amfani da fallayen arakidik a matsayin tazara sananniya tsakanin ƙwayoyin rini biyu, ya auna yadda makamashin haske ke tsallakawa daga ɗaya zuwa ɗaya. A 1925 masana biyu, Gorter da Grendel, a garin Leiden na ƙasar Holan sun shimfiɗa kitsen jajayen ƙwayoyin jini a kan kwami, suka yanke cewa fatar ƙwayar falle biyu ce. A kan kwami ne kuma John Clements ya nuna a shekarun 1950 yadda maiƙon cikin huhu ke rage ɗamewar fuskar ruwa, kuma babban sinadarin wannan maiƙo yana ɗauke da sarƙoƙin falmitik biyu. Rashinsa ne ke sa bakwaini wahalar numfashi.

Idan aka canza kan ƙwayar asid ɗin kitse ko sarƙarta, sai a samu wasu halaye. Alkohol mai kabon 16 da mai 18 suna bazuwa da kansu a kan ruwa, kuma an gwada su a madatsun ruwa na Ostareliya a shekarun 1950 don rage ƙafewa, sai dai iska takan tattara shimfiɗar gefe guda. Asid mai kabon 25 da ke da wani irin haɗin kabon da ake kira dayasetilin a sarƙarsa yakan haɗe ya zama shuɗi idan hasken ultrabayolet ya taɓa shi, ya koma ja idan zafi ko wani sinadari ya dame shi, shi ya sa ake gina na'urorin gano sinadarai da shi. Ƙwayoyin da shimfiɗarsu ta yi tauri har ba ta bin gilashi a tsaye, irin su furotin, ana kwashe su ne ta hanyar kifa gilashin a kwance a kan ruwa, dabarar da Langmuir da Vincent Schaefer suka bayyana a 1938.