Gem ɗin tsoro na sararin samaniya: ga amsoshin, don Allah a daina tare ni a hanya

Tun ranar da wani ɗalibi ya zo karɓar laftof ɗinsa a shagona na Samaru ya tarar ina buga Dead Space har na zabura na zubar da shayi, ban sake samun sakat ba. Kullum tambayoyi iri ɗaya kan gem ɗin tsoro na sararin samaniya, a shago, a WhatsApp, har a masallaci bayan isha'i wani ya riƙe min hannu. To ga shi na rubuta, wanda ya sake tambaya wannan zan tura masa.

Wai wane irin gem ne haka?

Kana cikin kumbo ko tashar sararin samaniya, kowa ya mutu ko ya haukace, akwai abin da ke farautarka, harsashi kaɗan ne, magani kaɗan ne. Shi ke nan.

Kamar Call of Duty ne?

A'a. Can kai soja ne, nan kai nama ne.

Da wanne zan fara?

Biyu nake ba mutane. Dead Space na 2008, inda kake Isaac Clarke, injiniya da aka tura gyaran wani ƙaton jirgin haƙar ma'adinai mai suna USG Ishimura, ya tarar gawarwakin ma'aikatan sun rikiɗe sun zama dodanni. Sai Alien: Isolation na 2014, inda kake Amanda Ripley a tashar Sevastopol tana neman labarin mahaifiyarta, shekara 15 bayan abin da ya faru a fim ɗin Alien na 1979. Akwai Prey na 2017 ma, wanda kofin shayi a kan tebur zai iya zama dodo ya faɗo maka, amma shi ya fi son mai haƙurin karatu da bincike, kuma na san ku.

Na harbi dodon Dead Space a kai bai mutu ba, gem ɗin ya lalace ne?

Lafiyarsa lau, kai ne ba ka karanta komai. Tun farkon Dead Space an rubuta da jini a jikin bango cewa gaɓoɓi ake yankewa, amma kun saba da harbin kai sai ku yi ta ɓarnar harsashi. Ka cire masa kai ya ci gaba da zuwa yana wurgi da hannuwa. Ƙafa za ka fara yankewa ya faɗi yana jan ciki, sannan hannu. Makamin farko da ka tsinta asalinsa kayan yankan ma'adinai ne, ana juya bakinsa tsaye ko kwance, tsaye na hannu kwance na ƙafa, kuma shi kaɗai ya isa ya kai ka ƙarshen babi 12 ɗin in ka kula da shi. Jinin naka kuma, wato ma'aunin ranka, ba a saman allo yake ba, wannan layin mai haske a gadon bayan Isaac shi ne, wani har babi na uku ya kai bai gane ba, na rasa abin da zan ce masa.

Yaya ake kashe dodon Alien?

Ba a kashe shi. Wuta tana korarsa na ɗan lokaci, sai ya dawo. Ka daina gudu, yana jin takunka, har ƙarar na'urar da ke nuna maka motsinsa yana ji in ya matso.

Laftof ɗina zai ɗauka? Kuma da wutar nan tamu?

To wannan ne kawai tambayar da ta cancanci in zauna. Gaskiya ya danganta, kuma ba na son in ce eh ka je ka ƙona data ka dawo kana min kallon banza. Dead Space na 2008 tsoho ne, yawancin laftof ɗin da ke shigowa shagona masu ram 4 ko 8 suna buga shi, in ka ji linzamin yana jan ƙafa ka shiga saiti ka kashe wani zaɓi na hoto mai suna vsync, tsohuwar matsala ce, ba laifin kwamfutarka ba. Amma ka lura da kyau, akwai sabon da aka sake yi a 2023 mai suna iri ɗaya, shi yana neman ram 16 da katin garafik na gaske, kuma a PS5 da sabon Xbox da kwamfuta kawai ya fito, babu shi a PS4, duk wanda ya ce zai loda maka shi a PS4 a Sabon Gari ka riƙe kuɗinka. Alien: Isolation kuwa yana PS3 yana PS4, kuma bai da nauyi sosai a kwamfuta, sai dai wurin ajiya yake ci, wajen giga 35. Ya fito a waya ma a ƙarshen 2021, ba kowace waya ba dai, kuma ta yi ta zafi a hannu.

Sannan ko ram ɗin ya isa, zafi zai iya hana ka. Watan Maris zuwa Afrilu a Zariya, ga fanka cike da ƙurar hunturu, ka ɗora laftof a kan katifa, minti 20 zai fara sarƙewa, wani ma ya mutu gaba ɗaya. A fara hure ƙurar, a ɗora shi kan tebur, a jona caja, domin a kan batir kaɗai yawanci rage ƙarfi yake.

Maganar wuta kuma, nan ne Alien yake da mugunta. Kusan duk ajiyar wasan, wato adana inda ka kai, da hannu ake yi, sai ka nemo wani akwati kamar tarho a bango ka zura kati ka tsaya ƴan daƙiƙu, dodon kuma zai iya cafke ka kana tsaye a wurin. Ni da kaina na yi kusan rabin awa ina rarrafe daga ƙarƙashin tebur zuwa cikin kabad, ina hango akwatin ga shi can yana ƙara, ƙit aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu da fad ɗin buga gem a hannu ban ma iya salati da ƙarfi ba. Don haka in PS gare ka babu inbata, ko ka jira lokacin da aka tada janareta, ko duk akwatin da ka gani ka ajiye ko da yanzu ka baro wani. Mai laftof mai batir mai rai ya fi ka kwanciyar hankali a nan, ko da nasa hoton bai kai naka kyau ba.

Ina jin tsoro sosai, ko in haƙura?

Kar ka damu, kowa haka ya fara. Sa shi a mataki mai sauƙi, ba abin kunya ba ne, buga da rana, abokinka na gefe. Amma kada ka kashe sauti, rabin gem ɗin a kunne yake. A Dead Space in ka fita inda babu iska komai sai ya yi tsit, numfashinka kawai kake ji, dodo ya zo bayanka ba ka sani ba.

Ƙanena ɗan shekara 10 zai iya bugawa?

Haba malam. Na ƴan 18 ne, jini ne da yankan gaɓoɓi. In ya hana gida barci kada Hajiya ta ji sunana.

The Callisto Protocol fa?

Na 2022, wanda ya jagoranci Dead Space na farko ne ya yi shi, hoto kamar me, amma yawanci dukan dodo da kaucewa ne har ka gaji. Yana PS4 in ka matsa.

Za ka loda min?

Kawo filas mai giga 64, wanda babu bairos a ciki, kuma bayan la'asar, da safe aiki nake.