Gazawar Girka Manhajar Kunna Bidiyo da Sauti a Kwamfutar Tebur

Gazawar girkawa ita ce tsayawar aikin ɗora manhajar kunna bidiyo da sauti a kan kwamfuta kafin ya kammala, ko kuma ya kammala amma manhajar ta ƙi buɗewa. Masu gyaran kwamfuta kan ce manhajar "ta ƙi hawa". Kalmar ta dunƙule matsaloli da dama waɗanda ba su da alaƙa da juna: wata daga fayil ɗin da aka sauke take, wata daga izini, wata daga ragowar tsohuwar manhaja, wata kuwa ba ta girkawa ba ce ko kaɗan. Saboda haka aikin farko na mai bincike shi ne ya gano inda aikin ya tsaya, tun kafin ya taɓa komai.

Abin da girkawa ta ƙunsa

Idan aka danna fayil ɗin girkawa a Windows, da farko yakan warware kansa cikin foldar wucin gadi, sannan ya duba ko babbar manhajar kwamfutar ta dace da shi. Daga nan sai ya kwafi fayiloli zuwa foldar Program Files, ya rubuta bayanai a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, ya kuma sanar da kwamfutar cewa shi ne zai riƙa buɗe nau'o'in fayil kamar MP4, MKV da MP3. Manhajojin kallo sun fi da yawa daga cikin sauran manhajoji shiga lungunan kwamfuta, domin suna hulɗa da direban sauti, da direban hoto (direba ita ce manhajar da ke sarrafa wani sashen na'urar), da kuma kodek, wato 'yar manhajar da ke warware bidiyo ko sautin da aka matse. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wuri ne da aikin zai iya cijewa.

Fayilolin girkawa a Windows iri biyu suka fi yawa. Akwai masu ƙarewa da .msi, waɗanda Windows Installer ke gudanarwa, tsarin da Microsoft ta fito da shi a 1999 tare da Office 2000. Akwai kuma masu ƙarewa da .exe, waɗanda galibi aka haɗa da kayan aiki irin su NSIS ko Inno Setup. Bambancin yana da amfani, domin kowanne da irin saƙon kuskurensa.

Lalataccen fayil

Wannan shi ne sanadi mafi sauƙin magani, kuma shi aka fi tsallakewa. Idan intanet ta yanke ana tsakiyar saukewa, fayil zai iya zama a folda da cikakken sunansa da tambarinsa, alhali cikinsa bai cika ba. Fayilolin NSIS, irin wanda manhajar kallo ta VLC ke amfani da shi a Windows, sukan binciki kansu kafin su fara aiki, su nuna saƙon "NSIS Error" idan sun ga giɓi. A ɓangaren .msi kuwa lambar 1619 na nufin an kasa buɗe fayil ɗin, 1620 kuma na nuna ba a gane shi a matsayin sahihin fayil na girkawa ba.

Gwada girman fayil da abin da shafin masu manhajar ya rubuta yakan isa. Wanda ke son tabbaci sai ya duba lambar SHA-256, jerin haruffa da lambobi 64 da ke canzawa gaba ɗaya idan ko ɗigo ɗaya ya sauya a fayil. Umarnin certutil -hashfile (tare da sunan fayil da kalmar SHA256) ko Get-FileHash yana fitar da ita a Windows, sai a gwama da wadda masu manhajar suka wallafa. In ba su zo ɗaya ba, babu wata dabara sai sake saukewa.

A nan ne kuma haɗari yake. Manhajojin kallo na daga cikin waɗanda 'yan damfara suka fi kwaikwayo. Shafin da ya ce sai an sauke wani "sabon kodek" ko an sabunta Flash Player kafin bidiyo ya buɗe abin gudu ne: Adobe ta daina tallafa wa Flash Player tun ranar 31 ga Disamba 2020. Haka QuickTime na Windows, wanda Apple ta yi watsi da shi a 2016.

Izini da masu tsaron ƙofa

Tun daga Windows Vista, ba a barin manhaja ta rubuta a Program Files sai da amincewar mai gudanar da kwamfutar, wanda aka fi kira admin. Lambar 0x80070005 ma'anarta an hana shiga. Idan asusun mai amfani na admin ne, danna fayil ɗin da maɓallin dama na linzami a zaɓi "Run as administrator" yakan wadatar. A kwamfutar ofis ko ta makaranta kuwa, hanin na iya kasancewa da gangan aka sa shi, kuma sashen kula da kwamfutoci ne kaɗai zai ɗage shi.

SmartScreen, mai tace fayilolin da aka sauke, wanda ya zama ɓangaren babbar manhajar tun Windows 8 a 2012, yakan tare fayil ɗin da bai san shi ba. Tarewar ba hukunci ba ce cewa fayil ɗin na ɗauke da bairos. Sau da yawa sabon fitowa ne kawai. Antibairos ma yakan ƙwace wani fayil ana tsakiyar kwafa, sai girkawar ta mutu ba tare da bayani ba, har sai an leƙa jerin abubuwan da ya killace. Shawarar da ta yaɗu ta "a kashe antibairos tukuna" ba ta da hikima sai an riga an tabbatar da asalin fayil ɗin. Sai kuma kwamfutocin da ke kan tsarin S na Windows 10 ko 11, waɗanda ba sa karɓar komai sai abin da ya fito daga Microsoft Store.

Rashin dacewa

Windows da manhajoji suna zuwa a tsari biyu, 32-bit da 64-bit. Manhajar 64-bit ba ta hawa kan Windows 32-bit, amma ta 32-bit tana hawa kan 64-bit, inda take zama a foldar Program Files (x86). Windows 11, wadda ta fito a Oktoba 2021, 64-bit ce kaɗai. Tsofaffin kwamfutoci kuma suna fuskantar wata matsalar: tallafin Windows 7 ya ƙare ranar 14 ga Janairu 2020, kuma sababbin fitowar manhajoji da dama sun daina karɓarta.

Wani lokaci girkawa takan kammala lafiya, sai a buɗe manhajar ta ce ba ta ga VCRUNTIME140.dll ko MSVCP140.dll ba. Waɗannan na cikin kunshin Visual C++ Redistributable na Microsoft, kuma maganin shi ne a girka kunshin daga wurin Microsoft. Sauke fayil ɗin DLL shi kaɗai daga wani shafi a jefa shi cikin foldar Windows ya fi jawo sabuwar matsala, musamman lambar 0xc000007b, wadda galibi ke fitowa idan aka cakuɗa fayil na 32-bit da manhajar 64-bit.

Lambobin Windows Installer

Uku daga cikinsu sun cancanci sani. Lambar 1618 na nufin wata girkawar tana gudana, domin Windows Installer ba ya aiwatar da biyu a lokaci ɗaya. Sau da yawa sabuntawar Windows ce ke aiki a ɓoye, kuma jira ko sake kunna kwamfuta yana warware ta. Lambar 1638 na cewa akwai wata fitowar manhajar a kai, sai an cire ta. Ita kuwa 1603 ita ce mai ban haushi, domin abin da take cewa kawai shi ne an samu babban kuskure. Cikewar faifan ajiya na iya jawo ta, haka foldar da babu izinin rubutu a cikinta, haka fayil ɗin da wata manhaja ke riƙe da shi, haka ragowar tsohuwar girkawa.

Hanyar gane gaskiyar 1603 ita ce a sa a rubuta rahoton aikin. Umarnin msiexec /i tare da sunan fayil, sannan /l*v da sunan rahoton, yana rubuta kowane mataki. Rahoton yana da tsawo ƙwarai, amma ba a karanta shi duka: ana neman inda aka rubuta "Return value 3", sai a duba layukan da ke samansa, nan ne ainihin abin da ya gaza yake. Lambar 3010 kuma ba gazawa ba ce, girkawa ta yi, sake kunnawa kawai ya rage.

Batun Windows Media Player

Wannan manhajar daban take, domin ɓangare ce ta Windows. Fitowa ta 12, wadda ta zo da Windows 7 a 2009, ba a sauke ta a matsayin fayil mai zaman kansa. Ana kunna ta ne ko a kashe ta a jerin ɓangarorin zaɓi na Windows. Idan ta lalace, sai a cire alamarta, a sake kunna kwamfuta, a mayar. In hakan bai yi ba, umarnin sfc /scannow da DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth suna gyara fayilolin Windows da suka lalace. A Windows 11 sunanta ya koma Windows Media Player Legacy, bayan fitowar sabuwar Media Player a 2022.

Akwai kuma nau'in Windows mai harafin N a ƙarshen sunansa. Asalinsa hukuncin Hukumar Tarayyar Turai ne na Maris 2004, wanda ya ci Microsoft tarar Yuro miliyan 497, ya kuma tilasta mata sayar da Windows marar Media Player. Abin da aka cire bai tsaya ga manhajar ba, har da tubalan sauti da bidiyo da wasu manhajojin ke dogaro da su. Shi ya sa a irin wannan kwamfutar manhajar wani kamfani can daban za ta iya ƙin aiki har sai an ɗora Media Feature Pack.

Mac da Linux

A Mac, girkawa galibi jan manhaja ce daga fayil ɗin .dmg zuwa foldar Applications. Gatekeeper, mai tsaron ƙofar Mac wanda ya zo a 2012, yakan hana buɗe manhajar da ba ta da sa hannun mai ita, kuma ana ba ta izini a saitunan tsaro. macOS Catalina ta 2019 ta daina gudanar da manhajojin 32-bit baki ɗaya, su kuwa kwamfutocin da ke da firosesan Apple, tun daga 2020, suna buƙatar manhajar fassara ta Rosetta 2 don tsofaffin manhajojin da aka yi wa firosesan Intel.

A Debian da Ubuntu, nau'o'in Linux, saƙon cewa an kasa samun makullin dpkg, tsarin girkawarsu, daidai yake da 1618: wani aikin yana riƙe da ƙofa. Girkawar da ta katse a tsakiya ana ƙarasa ta da sudo dpkg --configure -a, abubuwan dogaro da suka ɓace kuma da sudo apt --fix-broken install.

Idan laifin ba na girkawa ba ne

Mutane da yawa sukan cire manhaja su mayar sau uku saboda wani bidiyo ya ba da sauti babu hoto, alhali manhajar lafiyarta ƙalau. MP4, MKV da AVI mazubai ne kawai. Abin da ke ciki yana iya zama H.264 na 2003, ko HEVC na 2013, ko AV1 na 2018, kuma kowanne da kodek ɗinsa. Wasu kodek suna ƙarƙashin haƙƙin mallaka da ake biyan kuɗinsa, dalilin da ya sa Microsoft ta cire kunna faifan DVD daga Windows 8, take kuma ba da HEVC a matsayin ƙari daban. Tara kunshin kodek iri-iri a kwamfuta ɗaya yakan sa su yi ta rige-rigen buɗe fayil guda, manhajar ta riƙa rufe kanta.

Gwajin da ke raba gardama shi ne a buɗe fayil ɗin da manhajar da ke tafe da kodek nata. VLC, wadda ta faro a 1996 a matsayin aikin ɗalibai a École Centrale da ke Paris, aka kuma sake ta ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL a 2001, tana amfani da taskar kodek ta FFmpeg maimakon dogaro da na Windows. Idan bidiyon ya yi a cikinta, kodek ne ya rasa a ɗayar. Idan hoto ya fito baƙi ko kore a duka biyun, sai a sabunta direban hoto ko a kashe zaɓin da ke miƙa aikin warware bidiyo ga katin hoto. Idan kuma wannan bidiyon kaɗai ne ya ƙi, sauran suna yi, fayil ɗin bidiyon ne ya lalace.