Mece ce mota "hybrid", kuma a ina take rage shan mai?

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, dillalan motoci suka kama kiran "hybrid" ba ƙaƙƙautawa. Mota ce da ke tafiya da injin fetur da kuma injin lantarki mai jan wuta daga wani babban batir. Ba a jona ta a soket, don haka ɗauke wuta bai shafe ta ba. Wadda ake jonawa daban ce, ita ake kira "plug-in". Toyota Prius, wadda ta fito a Japan a 1997, ita ce ta buɗe kasuwar hybrid.

Sirrin yana wajen burki. A motar da muka saba, duk ƙarfin da ta tara a gudu sai ya zama zafi ya tafi a banza idan aka taka burki. Ita kuwa hybrid, injin lantarkinta ne ke juyewa ya zama janareta, ya mayar da wani kaso na wannan ƙarfi cikin batir. In ka tsaya a danja, sau da yawa injin fetur kan mutu tsit, har baƙo ya ɗauka motar ce ta lalace. Ka saki burki, lantarki ya ja ta a hankali, sai ka ƙara totur sannan injin ya farka.

Shi ya sa cunkoson cikin gari ne gonarta. A gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka (EPA), Prius ta 2010 kan yi kusan kilomita 22 da lita ɗaya a gari, kusan 20 a babbar hanya. Corolla mai giyar otomatik ta wannan shekarar kuwa kusan 11 a gari, 14 da ɗoriya a hanya. Mai kai yara makaranta a cikin Kano zai fi direban Kano zuwa Abuja ganin riba.

Kada dai a riƙe waɗannan alƙaluma kamar alkawari. Gudu, kunna AC a zafin bazara da tayar da ba ta da isasshiyar iska duk suna cin nasu rabo. Yawancin waɗanda ke shigowa nan kuma tsofaffi ne, batirinsu ya sha jiki. Batir ba ya son zafi: akwai ƙaramar fanka da ke jawo masa iska daga cikin mota, galibi ta wani rami da ke gefen kujerar baya. Ƙurar hunturu ko jakar da aka jingina a bakin ramin kan toshe ta, batir ya yi zafi, injin fetur ya ɗauke yawancin aikin, shan mai ya hau. Kafin a biya kuɗi, a sa bakanike mai na'urar gwaji ya duba lafiyar batirin, domin canza shi ba arha.