Doguwar lasifika ta gida: zaɓen mai sauƙin kuɗi da tantance sautinta

Doguwar lasifika ita ce wadda ake girkewa a ƙasa kai tsaye, ba tare da an ɗora ta a kan teburi ko wani matokari ba. Tsayinta yakan kama daga santimita 85 zuwa 110, ana kuma sayar da ita bibbiyu, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Mafi yawansu ba su da amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa wutar sauti ƙarfi, a ciki, don haka sai an haɗa su da wata ta daban. Tsarin da kusan dukkansu ke aiki da shi ya samo asali ne daga binciken Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka, wanda suka wallafa a 1925: wutar sauti tana ratsa wani naɗin waya da ke tsakiyar maganaɗisu, naɗin ya motsa gaba da baya, ya tura faifai mai siffar mazurari, faifan kuma ya kaɗa iska.

Sassanta

Kunnen mutum mai ƙuruciya yana jin sauti daga kusan Hz 20 zuwa 20,000, wato yawan kaɗawar iska a daƙiƙa ɗaya. Faifai guda ba ya iya fitar da wannan faɗin duka da kyau, shi ya sa ake raba aikin. Tuwita, mai faɗin milimita 25 a mafi yawan lokaci, ita ke fitar da siririn sauti. Wufa, mai faɗin santimita 13 zuwa 20, ita ke da sauti mai kauri da ake kira bes. A lasifika mai hanya uku ana ƙara faifai na musamman don matsakaicin sauti, inda muryar mutum take. A cikin akwatin akwai kurosoba, wani ɗan allo na kayan lantarki da ke aika wa kowane faifai da rabonsa, yawanci yana miƙa aiki ga tuwita tsakanin Hz 2,000 da 3,000.

Akwatin iri biyu ne. Akwai rufaffe, wanda Edgar Villchur ya yi wa sabon fasali a 1954, akwai kuma mai bututun iska, wanda ya fi yawa a kasuwa yau. Bututun yana ƙara ƙarfin bes a wani ƙayyadadden matakin Hz, amma ƙasa da matakin sautin yana faɗuwa da sauri, faifan kuma ya riƙa lilo ba tare da fitar da komai ba.

A kayan da ba su da tsada, akwati ne wurin da masana'anta ke fara rage kuɗi. Dogon bango na katakon MDF, wato allon da ake yi da matsattsen garin katako, idan siriri ne kuma ba a tokare shi daga ciki ba, shi ma yana rawa tare da kiɗan ya ƙara nasa amon a kan muryoyi. Ana gane wannan da ƙwanƙwasa gefen akwatin da gaɓar yatsa: gajeren sauti a dushe alama ce mai kyau, amo irin na gangar da babu komai a ciki kuwa aibi ne. Kauri na milimita 18 tare da tokari ya wadatar. Saboda wannan dalili, lasifika mai faifai biyu ko uku masu inganci ta fi mai faifai biyar a kuɗi ɗaya, domin an raba kuɗin a kan abubuwa kaɗan.

Karanta alƙaluman da ke jikin kwali

Adadin wat shi ne abin da masu saye suka fi dubawa, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Yana nuna iyakar wutar da lasifika za ta jure ne kawai, ba ya faɗin ƙarfin sauti balle daɗinsa. Abin da ke nuna ƙarfi shi ne yawan desibel, ma'aunin ƙarar sauti, da take fitarwa idan an ba ta bolt 2.83 aka auna daga nisan mita ɗaya. Yawanci yana tsakanin 85 da 91. Kowane ƙarin desibel 3 yana buƙatar ninka wutar sau biyu, saboda haka lasifika mai 90 da amfilifaya mai wat 50 za ta kai ƙarar mai 87 da ke jan wat 100. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, ana buƙatar kusan desibel 10, wato wuta ninki goma.

Sai turjiyar lantarki, wadda ake rubutawa om 4, 6 ko 8. Wannan adadi ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon sautin da ake bugawa. Lasifikar da ke sauka ƙasa da om 4 tana zuƙar wuta da yawa, amfilifaya mai rauni sai ta yi zafi ko ta kashe kanta. A duba bayan amfilifayar a ga mafi ƙarancin om da ta amince da shi kafin a saya.

Iyakar bes, wato Hz mafi ƙasa da lasifika ke kaiwa, ba ta da ma'ana sai an rubuta ta tare da yawan raguwar desibel. Hz 45 a ragin desibel 3 ya fi Hz 35 da ba a faɗi raginsa ba. Tsirkiya mafi kauri ta gitar bes mai tsirkiya huɗu tana kan Hz 41, don haka lasifikar da ta kai Hz 40 zuwa 45 da gaske ta ishi mafi yawan kiɗa.

Ɗaki da wurin ajiyewa

Ɗaki yana canza sauti fiye da bambancin da ke tsakanin lasifikoki biyu masu kusan kuɗi ɗaya. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, kuma tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da ke taruwa ya kumbura. Ana samunsa da raba 343 da ninki biyu na tazarar bangon: ɗaki mai tsawon mita 4 yana kumbura sauti a wajen Hz 43. Babbar lasifika a ƙaramin ɗaki takan tsokano wannan, bes ya yi ta ruri ya danne muryoyi. A ɗakin da bai kai murabba'in mita 15 ba, mai ƙananan faifai ta fi dacewa.

A bar santimita 30 zuwa 60 tsakaninta da bangon baya, musamman idan bututun iskar yana baya, a kuma guji lungu. Tazarar lasifikokin biyu ta yi daidai da nisan kowace zuwa wurin zama, kamar mita 2 zuwa 3, tuwita ta daidaita da kunnen mai zaune. Idan bes ya yi yawa kuma babu halin matsar da ita, toshe bututun da soso yana rage shi. Wayar tagulla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 zuwa 2.5 ta isa ga nisan cikin ɗaki. Wajen haɗa wayar, a tabbatar ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a ɓangarorin biyu, domin in aka juya ɗaya bes yakan ɓace, murya kuma ta rasa mazauni a tsakiya.

Tantance sauti

Binciken da Floyd Toole ya jagoranta a cibiyar bincike ta ƙasar Kanada, inda masu sauraro ba sa ganin lasifikar da ke bugawa, ya nuna cewa yawancin mutane sun fi son wadda ba ta fifita wani sashe na sauti a kan wani ba, kuma sautinta na gefe ya yi kama da na gaba. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe. Lasifikar da aka ƙara wa bes da ƙyalƙyalin tuwita tana burgewa a mintunan farko, sannan ta gajiyar da kunne.

Idan ana kwatanta biyu, dole a daidaita ƙararsu, domin wadda ta ɗan fi ƙara kusan kullum ita ake ji kamar ta fi kyau. Manhajar auna desibel ta wayar hannu tana taimakawa. A kashe duk wani ƙarin bes a amfilifaya, a yi amfani da waƙoƙin da aka sani sosai. A fara da muryar mai magana, tunda kunne ya fi saninta: kada ta fito kamar ta hanci, ko kamar daga cikin akwati, kada harafin s ya riƙa yanka kunne. A bes, a saurara ko ana bambance sauti da sauti, ko kuwa duk dum ɗaya ne. Daga nan a rage ƙara sosai a ji ko kalmomi na nan a sarari, sannan a ɗaga a ji ko bututun yana huci ko sautin ya taurare. A matsa gefe kaɗan daga tsakiya a sake ji.

Lasifika ta hannu tana iya zama hanya mafi sauƙi ta samun inganci. A duba zoben da ke riƙe bakin faifai, domin na soso yana ruɓewa da shekaru, na roba kuma ya fi daɗewa. A danna faifan a hankali da yatsu a kewayensa: idan an ji gogayya, naɗin wayar ya ƙone ko ya karkace. A kara kunne kusa da kowace tuwita a ƙaramar ƙara, domin ita ce ke saurin mutuwa idan an tilasta wa ƙaramar amfilifaya wuce iyakarta har sauti ya fara tsagewa.